Neman shawara: akwatunan katako a cikin ɗakin jirgin kifi a Dadin Kowa

Kafintan Bolari:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aikin katako a cikin jirgin ruwa su taimaka mini da shawara, don an ɗora mini aikin da ba shi na koya ba.

Ni kafinta ne a cikin garin Gombe. Gadon amare, kabad na kicin, ƙofofi, su ne abincina. Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya kawo wannan aikin, kuma kun san aikin kawu: ba a cewa a'a, ba a tambayar nawa za a biya.

Sarin kifi yake yi a Dadin Kowa. Ba ya jefa koma da kansa, bin masunta yake yi har zangonsu, ya sayi ɗanye da banda, ya sauko da shi bakin ruwa inda masu motoci suke jira, wasu su yi Gombe, wasu su yi Biu. Wanda bai taɓa hawa ruwan ba zai ɗauka ɗan tafki ne. Tun da aka datse kogin Gongola ruwan ya malale ya yi nisa, gaɓa ɗaya tamu, ɗaya ta Borno, in ka miƙa sama kuwa sai ka tsinci kanka a ƙasar Funakaye. Shi ya sa wani lokaci kwana yake kama shi a cikin jirgi.

Jirgin na katako ne, tsawonsa ƙafa 28, inda ya fi faɗi ƙafa 5 da rabi, da injin Yamaha mai doki 25 a baya. An yi masa ɗan ɗaki daga tsakiya zuwa baya, rufin kwano, tsawon ƙafa 7, tsayinsa bai isa mutum ya miƙe ba. A cikin ɗakin nan komai a zube yake: jarkar fetur 2 masu lita 25, batirin sola mai amfiya 100 da yake cajin waya da kunna fitila, risho da tukunya, garin tuwo, tabarma da bargo, sikeli, littafin bashi, sifana da fulogi da farfela ta ajiya, sai rigunan ruwa 4, masu hana nutsewa, da a yanzu matashin kai ake yi da su.

Abin da na zana shi ne akwati mai tsawo a kowane gefe, wanda za a zauna a kansa da rana a kwanta da dare, sai kabad mai durowa 3 a jikin bangon gaba, da kanta a sama kusa da rufi. Kawu yana son a yi da maɗaci, wai ya gaji da abin da ba ya daɗewa, kuma yana son ya yi ƙyalli irin kayan ɗakin da nake yi wa amare. Ina da ragowar allon MDF a shago, har ya ce me zai hana a yi durowoyin da shi tunda kyauta ne. Wannan dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Babbar damuwata awo ce. Na shiga jirgin da tef da sikwaya da lebur, babu wanda ya yi mini amfani. Bangon ya lanƙwashe daga sama zuwa ƙasa, ya kuma tsuke daga gaba zuwa baya, babu kusurwa ɗaya da ta tsaya daidai. Na ɗora lebur a ƙasa, kawu ya matsa gefe don ya gani, ruwan lebur ya bi shi. To yaya ake auna wuri irin wannan? Wane katako ya dace? A ina ake kafe akwatin, tunda ba na son in buga ƙusa ta ɓullo ta waje? Sannan fenti ko banish?

Bappa Mai Zarto:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi dabara da ka tambaya kafin ka sa zarto.

Da ƙuruciya na zauna a Numan, inda Gongolan nan yake zuba a Binuwai, na yi aiki a ƙarƙashin masu ƙera jirage. Abin da na gani a hannunsu shi zan gaya maka.

Ajiye tef ɗinka tukuna. Je wajen masu sayar da firiji ko talabijin ka roƙi manyan kwalaye. Duk inda gefen akwati zai haɗu da jikin jirgi, yanka kwali ya shige wurin ko da bai zauna daidai ba, ka tsayar da shi a miƙe ka danne da ɗan katako. Sai ka sami guntun katako mai kaurin inci 1, ka riƙe fensir a jikinsa, ka ja guntun yana bin bangon jirgi daga sama har ƙasa, fensir yana zana a kan kwalin. Layin da ya fito shi ne lanƙwasar jirgin. Yanke kan layin, mayar, sake ja in da sauran rata, har ya zauna. Wannan kwalin shi ne ma'auninka, shi za ka shimfiɗa a kan katako. Kuma kada ka yi ƙyuya ka ce na dama zai yi wa hagu. Jirgin da aka ƙera da hannu a bakin ruwa, ɓarinsa biyu ba su taɓa zama ɗaya ba. Kowane gefe da nasa kwali, na gaban akwati daban, na bayansa daban, ka rubuta suna a jikin kowanne don kada su rikice maka a hanya.

Maganar lebur kuwa, ruwa ne lebur ɗin jirgi. Ka je da sassafe kafin iska ta tashi, a sa wa jirgin kayan da ya saba ɗauka, kawunka ya zauna inda yake zama in yana riƙe da inji. Wani ya zagaya ya yi alama da alli inda ruwa ya tsaya a jikinsa, gaba da baya, dama da hagu. Sai a jawo shi tudu, a tokare da duwatsu da katako har alamomin nan su daidaita. Tiyon ruwa irin na magina zai nuna maka. Daga nan lebur ɗinka ya dawo da hankalinsa. In ka auna jirgi yana wofi, ranar da aka yi masa lodi bayansa zai nutse, mai kwana a kan akwatinka ya wayi gari ya gangaro wajen inji.

Yanzu inda za ka kafe. Falankan jikin jirgi ba naka ba ne, kada ka taɓa su da ƙusa ko ɗaya. Ka nemi haƙarƙarin jirgin, katakan nan masu kauri da aka jera a ciki aka kafe falankai a kansu. A jikinsu za ka ɗaura tubaitu, katakon nan mai inci 2 da inci 2, a kwance da bol da noti, shi kuma akwatin ya hau kan tubaitun. Ka bar ratar yatsa biyu tsakanin bayan akwati da bangon jirgi. Katako ba ya tsoron ruwa kamar yadda yake tsoron laimar da ba ta da hanyar fita. Duk jirgin da na ga ya ruɓe, daga inda aka toshe wa iska hanya ya fara. Sannan a gindin haƙarƙari, in maƙerin ya san aikinsa, za ka ga 'yan kafofi da aka bari don ruwa ya riƙa gangarowa wuri ɗaya. Kada ƙafar akwatinka ta zauna a kansu.

Kuma akwatin ya zama mai fita. Jirgin katako dole lokaci-lokaci a jawo shi a cusa masa auduga ko tsumma a tsakanin falankai, a bi da kwalta. Mai wannan aikin ba zai tsaya lallaɓa kabad ɗinka ba, in ya tare masa hanya da guduma zai cire shi.

Katako: MDF ɗin nan ka bar shi a shago. Garin katako ne aka matse da gam, damina ɗaya zai kumbura ya zube. Obeche ba shi da nauyi amma ƙwaro da ruɓa ba sa raga masa. Ni a ganina, ƙafafu da firam da duk abin da zai kusanci ruwan ƙasan jirgi ka yi da loko, wanda 'yan kasuwar katako suke kira iroko, ko maɗacin da kawunka yake so. Jiki da murfi ka yi da malaina busasshiya, a fere ta ta dawo kaurin inci uku bisa huɗu. Na ce busasshiya domin malaina tana da jinkirin bushewa, waje ya bushe ciki da ruwa. In ka je Kasuwar Katako ka ɗaga falankai biyu uku, wanda ya fi sauƙi a hannu shi ne ya sha iska.

Ka tuna da lokacin da kake aikin. In da hunturu ka haɗa, katako yana a tsuke, zuwa Agusta zai buɗe. Falanki mai faɗin inci 12, wani katakon yakan ƙara kusan kwatan inci a faɗinsa, a tsawo kuwa ba ya motsi. Don haka murfi kada ya shige cikin bakin akwati, ya hau kansa ya rufe. Ka bar 'yar rata tsakanin falanki da falanki, kaurin ƙusa.

Baƙar ƙusa ta gini kada ta shiga wannan aikin, tsatsa za ta ci ta, ta bar maka baƙin tabo. Nemi sukuru na sitenles ko na tagulla, ka huda kafin ka ɗaura don loko yana tsagewa a baki. Farin gam ɗin da kuke haɗa gado da shi ruwa yana narkar da shi. Ƙafafun kuma ka shafe su da baƙin mai kafin ka kafa, haka muke yi.

Mai Fito:

Malam kafinta, ni ban iya riƙe zarto ba, amma a saman ruwan nan nake ci, fito nake yi ta wajen Nafada. Bari in faɗa maka abin da mai tuƙi yake gani.

Durowa 3 ɗin nan ka soke su. Farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, hadari yakan taso daga gabas da iska a gabansa, kafin ka juya jirgi ruwa ya fara tsalle. Jirgi yana karkata durowa za ta zaro kanta ta zubar da komai, ko ta daki gwiwar mutum. In kuma ka yi ta da tauri don kada ta zaro, damina na sauka ba mai iya buɗe ta. Murfi daga sama shi ne na jirgi. Nauyin mai zama ma ya isa ya danne shi.

Kantar da ka ce kusa da rufi, abin da ya wuce bargo da tabarma kada ya hau. Rufin kwanon kawunka da firam ɗinsa tuni sun ɗaga nauyin jirgin sama, ga shi yana tare iska. Duk abu mai nauyi ƙasa yake zama, kuma kusa da tsakiya. Batir a gefe ɗaya, to a sami abin da zai yi masa kishiya a ɗaya gefen. Jirgin da yake tafiya a karkace ko kaɗan ne, shi taguwa take fara shiga. A dam ɗin nan kuma ba iska kaɗai ake tsoro ba, akwai dorina, manoman bakin ruwa sun san ta. Ranar da za ka murɗa inji da gaggawa ba ka son kayan ciki su gangara gefe guda.

Ka bar mini wurin kwarfar ruwa. Tsakanin akwatunan nan biyu dole mutum ya iya durƙusawa da yankakkiyar jarka ya kwarfe ruwa ya watsar waje ba tare da ya ɗaga komai ba. In za ka shimfiɗa katako a ƙasa, ya zama wanda ake ɗagawa da hannu ɗaya.

Duk kusurwa ka goge ta ta yi kwana. Hannun ƙarfe da yake fitowa waje yana kama riga, yana kama koma, yana yanka ƙwauri. Huda rami biyu ka zura igiya ka ƙulla ta ciki, hannu ya samu.

Sai rigunan ruwa. Don Allah kada ka yi musu akwati. Na san kawu zai ce a adana su kada rana ta cinye, a sa kwaɗo kada yara su ɗauka. Rigar da take cikin akwatin da mutum yake zaune a kai, a cikin ɗaki mai rufi, ranar da jirgi ya kife ba ta da maraba da wadda aka bari a gida. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa kullum maganarta a sa riga kafin a hau. In ba a jiki take ba, to a rataye ta a bakin ƙofar ɗakin da 'yar igiya da fizga ɗaya za ta sake.

Ɗan Yelwa:

Ina gaida Bappa da Mai Fito. Ni daga Bauchi nake, aikin sola da injinan ruwa nake yi, katako kuwa sha'awa ce. Zan ɗan saɓa wa Bappa a wuri ɗaya, ya yi mini afuwa.

Mu yi lissafin nauyi. Falanki ɗaya mai inci 1 da inci 12, tsawon ƙafa 12, in ya bushe: obeche kusan kilo 11, malaina 13 zuwa 14, iroko kusan 18, maɗacin ƙasarmu ya haura 20. Zanen da ɗan'uwa ya kawo, akwati biyu masu ƙafa 7 da kabad da kanta, in na ƙiyasta zai ci falanki 14 ko kusa da haka. Da maɗaci zalla an doshi kilo 300 ke nan. Ka gaya wa kawu haka: buhun simintin Ashaka 6 zai riƙa yawo da su kullum, yana ƙona musu fetur, kuma kowane kilo a ciki kifi ne da bai ɗauko ba. Ina jin wannan lissafin zai fi shiga kunnen ɗan kasuwa fiye da maganar ruɓa.

Shi ya sa ni filawud nake ba da shawara, irin na ruwa da ake kira marin. Fefe ɗaya mai ƙafa 8 da 4, kaurin milimita 12, nauyinsa wajen kilo 20 ne, kuma yana rufe abin da falanki kusan 3 za su rufe. Ba ya buɗewa da tsukewa kamar falanki, kuma ya fi sauƙin yankawa a bi layin kwalin da Bappa ya koya maka. Murfin da za a zauna a kai milimita 12 da ɗan katako a ƙarƙashi, rabe-raben ciki milimita 9 ya isa.

Matsalar ita ce kowane mai shago zai rantse maka nasa marin ne. Na gaske akan buga masa lambar BS 1088, amma tambari ba ya hana ruwa shiga. Gwaji shi ne ka karɓi guntu, ka tafasa shi a tukunya kamar awa ɗaya, ka shanya a rana, ka sake tafasawa. In fallayen suka fara rabuwa, gam ɗin ba na ruwa ba ne. Ka duba bakinsa kuma, in ka ga ramuka a tsakanin fallayen ka ajiye. Kuma ko na kirkin ne, ta baki yake shan ruwa. Duk inda zarto ya bi, da duk ramin sukuru, a shafe da efoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa, kafin fenti.

Amma abin da ya sa na shigo ba katako ba ne. Na karanta jerin kayan ɗakin sai gabana ya faɗi: fetur lita 50, batir, da risho, a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, kuma mutum yana kwana a ciki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan jirgi ko a cikin akwati. In ka yi wa jarkokin nan akwati mai kyau wanda ya rufu ruf, ka tara tururin wuri ɗaya ne, musamman a zafin Maris da Afrilu da ake haura digiri 40. Shi kuma batir mai ruwa in yana caji iskar haidurojin yake fitarwa, ita sama take yi, kuma tartsatsi kaɗan take jira. Sifana ɗaya ta faɗa kan kawunan batir ta haɗa su, tartsatsin ya samu.

Don haka fetur ya fita daga ɗakin gaba ɗaya. Yi masa gurbi a baya kusa da inji, a sarari, katako a zagaye da gindin jarka don kada ta zame, igiya ta ɗaure ta, da 'yar inuwa a sama amma gefe a buɗe. Lita 25 na fetur kilo 18 da ɗoriya ne, biyu sun kusa kilo 37, sai a raba su dama da hagu. Batir, wanda shi ma ya kusa kilo 30, ya sami nasa gida shi kaɗai a ƙarshen gaba na ɗakin, ƙasa-ƙasa amma sama da inda ruwan kwarfa yake kaiwa. A zaunar da shi cikin roba don asid yana cin katako da sukuru, a ɗaure shi da bel, a huda ramukan iska a sama, a sa fis a wayar jan kai dab da batirin. Kayan gyaran inji kada su haɗa akwati da shi. Girki kuwa a tudu, in an tsaya.

Bappa Mai Zarto:

Ɗan Yelwa, maganar fetur da batir ka fi ni gaskiya, ban ma kai can ba. A bi abin da ka faɗa.

Filawud ne ban yarda ba. Ba don ba shi da kyau ba. Akwatin nan a bakin ruwa zai tsufa. Ranar da falanki ɗaya ya karye, kowane kafinta a Dadin Kowa ko Hinna zai cire ya sa wani kafin la'asar. Ranar da filawud ya fara ɓarewa a baki, wa zai hau mota zuwa Gombe neman efoksi? Kuma kifi ake ja a jirgin nan, kwanduna da daro suna gurzar komai, fentin da kake dogaro da shi ba zai kai wata shida a gefuna ba. In dai za a sa shi, a sa a murfi da rabe-raben ciki, inda ruwa ba ya kwanciya, a kuma bi bakinsa da siririn katako. Lissafin nauyinka dai na karɓa. Ba falanki 14 ya kamata a rage wa kauri ba, zanen ne ya yi yawa.

Adda Mai Banda:

Sannunku da ƙoƙari. Ni mai saye ce, irin su kawunka nake jira a bakin ruwa, don haka ina da ta cewa.

Bappa, ka yi haƙuri, baƙin man nan kada ya shiga jirgin kifi. Banda tana ɗaukar wari fiye da yadda kuke zato. Kwali ɗaya ya kwana kusa da fetur ko baƙin mai, mace ta saya ta zuba a miya, gobe ni za ta zo ta tsaya wa a kasuwa. Haka maganin ƙwari, kada wanda ya ce a fesa a cikin akwati don kyankyaso. Ƙafafun a shafa musu kwalta ta bushe sarai, ko fenti.

Ƙanena, abin da maza ba sa tunawa shi ne wanki. Ruwan kifi yana shiga ko'ina, in ya kwana biyu a lungu sai tsutsa. Ka yi akwatin yadda za a watsa bokitin ruwa a ciki ya fice da kansa ta ƙasa. Cikinsa a yi masa farin fenti mai mai, shafa uku, na farko a tsinka shi don katako ya sha. Fari yana nuna datti, kuma da asuba mutum yana ganin abin da yake nema ba sai ya haska waya ba. Banish ɗin da kawu yake so na ɗakin amarya ne, rana da ruwa za su ɓare shi.

Ramukan iskan da ake ta faɗa kuma, ɓera ma yana jin daɗinsu. Jirgi in yana ɗaure a gaɓa ta igiya suke hawa. A bi kowane rami da ragar waya ta ciki. Garin tuwo da shinkafa kada a zuba wa katako amana, a nemi bokitin fenti na roba mai murfi, ka auna akwatin daidai tsayinsa. Ka fara sayen bokitan da robobin, sannan ka yanka katako, ba a yi akwati a zo ana neman abin da zai shiga ba.

Littafin bashi da kuɗi su ma robar da take rufuwa gam, a wani ɗan lungu da ba shi da hannu ba shi da kwaɗo. Kwaɗo shi yake nuna wa ɓarawo inda zai fasa.

Kafintan Bolari:

Allah ya saka muku da alheri, Bappa, Adda, da 'yan'uwa. Na karanta wa kawu duka ta waya. Maganar ruɓa bai ce komai ba, maganar dorina dariya ya yi, amma da na kai kan buhun siminti 6 sai ya ce in maimaita. Maɗaci ya koma ƙafafu da firam kawai.

Ga yadda zanen ya koma. Kabad ya tafi, durowa sun tafi, MDF ya zauna a shago. Akwatin kowane gefe na raba shi gida biyu, ƙafa 3 da rabi kowanne, don mutum ɗaya ya iya ciro shi ta ƙofar ɗakin. Tsayi inci 14, daidai bokitan da na auna. Jiki malaina, murfi filawud in ya tsallake tukunya, in bai tsallake ba shi ma malaina. A maimakon hinji ina tunanin yanka tsohon bel na injin niƙa, tunda ba ya tsatsa. Kanta ta zama raga da aka ɗaure a rufi don bargo da tabarma. Fetur ya koma baya, batir gaba, kayan gyara da sikeli a akwatin da yake fuskantar batir don nauyi ya daidaita. Riguna a bakin ƙofa. A kan wannan mun ɗan ja da shi, amma ya sakar mini.

Saura tambaya biyu, Bappa. Tunda akwatin zai riƙa fita, me zai riƙe shi a kan tubaitun kada ya yi tsalle in ruwa ya tashi, ba tare da sai an nemo sifana duk ranar wanki ba? Sannan in haɗa komai a shago a Gombe in ɗora a mota, ko in kwashi kayan aiki in tare a bakin ruwa? Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma can babu injin fira, kuma ina da gadon biki da ake jira.

Bappa Mai Zarto:

Adda ta kayar da ni a kan baƙin mai, a yi da kwalta.

Bel ɗin niƙa ya yi, ka sa washa a ƙarƙashin kan kowane sukuru don kada ya yage. Riƙon akwati kuwa, kafa ɗan katako a ƙasan jirgin ta gaban ƙafafunsa, a kan haƙarƙari, yadda ba zai zamo tsakiya ba. Ta ciki kuma ka yi 'yan sakatu biyu na katako, kowanne da sukuru ɗaya a tsakiya, in an murɗa su shige ƙarƙashin tubaitu, in an mayar akwati ya ɗagu. Kada ka ɗaure sukurun can-can, da damina za su yi tauri da kansu.

Fira da yanka da shafar fenti ta farko duk ka gama a shago. Fuskar akwati da murfi ma haɗa su a can, su a miƙe suke. Allunan gefe da za su bi jikin jirgi ne kawai za ka bar wa rarar inci 1 a bayan layin kwali, don bakinsu sai an ɗan karkata shi ya bi tsukewar jirgin, kuma kwali ba ya nuna wannan. Ka tafi da ƙaramin zarto, filen na hannu, sanfefa da ragowar fenti don bakin da za ka yanka. Ka gaya wa kawunka jirgin zai kwana biyu a tudu, ya zaɓi ranakun da ba na kasuwa ba.